Uwargida, 'yarki da darasin kwamfuta



Idan 'yarki ta shiga babbar sakandare, cikin darussan da za ta iya ɗauka akwai ilmin kwamfuta, kuma ana rubuta shi a jarrabawar WAEC da NECO. Da yawanmu mun ɗauka koyon buga takarda ne kawai. To, ya wuce nan. Ana koya wa yarinya yadda za ta tsara wa na'ura umarni daki-daki, kamar dai yadda kike koya mata tuwo: a ɗora ruwa, a yi talge, sannan a tuƙa. In aka saɓa jerin, aiki ya ɓaci. Shi ya sa darasin yake tafiya da lissafi.

Kin san tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe ta ba, ko da karatu a kanta, hannunta zai yi ta rawa har lokaci ya ƙare.

In ta so ci gaba kuma, ba sai ta yi nisa ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu nan Kazaure. In jami'a take so, sai ta riƙe lissafi, Turanci da fiziks sosai.

Don haka 'yar'uwa, ki tambayi makarantarsu: akwai malamin? Yara na taɓa kwamfutar, ko a allo suke ganinta? Sannan ki rage mata aikin gida ranar darasin.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, amin.