Masu Tura Fim: Sana'ar Da Take Bukatar Ido Da Riƙon Baki

Da wuya ka shiga wata unguwa a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba ka tarar da shagon mai tura fim ba. Wurin ba ya wuce ɗan ɗaki ko kwantena: tebur, kwamfuta ɗaya ko biyu, tarin kebul, lasifika a bakin ƙofa, sai janareta ko batirin sola a gefe, tun da wuta ba ta da tabbas. Sau da yawa nan ne kuma wurin cajin waya na unguwar. Ka miƙa wayarka ko memori, ka faɗi abin da kake so, a zuba maka, ka biya kuɗin da bai kai na datar da za ka ƙona ba in da kanka za ka sauke. Masu turi ake ce musu, wasu kuma su ce 'yan dawunlodin.

Sana'ar ta gaji wata ce da ta mutu. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, kasuwar fim ɗin Hausa ta kaset ce, daga baya ta koma ta faifan CD. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ita ce cibiya, daga nan dillalai suke kwasar kaya zuwa garuruwa, shagunan haya kuma suna ba da fim na kwana ɗaya. Da waya mai memori ta shiga hannun kowa, sai faifai ya rasa mai saye. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, furodusoshi suka karkata ga fim mai dogon zango, da yawa suka koma YouTube. Amma ba kowa ke da tauraron ɗan'adam a gida ba, kuma data tana da tsada. A wannan tsakanin mai turi ya sami wurin zama: ya sauke sau ɗaya, ya sayar wa jama'ar unguwa.

Aikin kwamfutar ba shi ne wahalar ba. Yaron shago yakan fara da karɓar wayoyi da ba da lambar caji, cikin 'yan makonni ya iya jera fina-finai a ma'ajiya, na Hausa daban, fassarar Indiya daban, na Turkiyya da na Koriya daban. Ya koyi rage nauyin fim don ya buɗe a ƙaramar waya, ya koyi gane memorin jabu wanda ake zuba masa kaya su ɓace. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne amsa tambayar da kusan kowane mai saye yake zuwa da ita: wanne ne mai kyau?

A nan ne nake ganin mai turi ya fi duk wani mai sharhin fim tasiri a ƙasar Hausa. Muna da tarihin sharhi a rubuce, mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara fitowa tun 1999, amma mai karanta sharhi bai kai yawan mai tsayawa a bakin shago yana jiran a zaɓa masa ba. Kuma hukuncin mai turi yana da sakamako nan take. In ya yaba fim ya zama lami, gobe mai wayar zai dawo ya faɗa masa a gaban jama'a, jibi ya koma shagon gaba. Shi ya sa ƙwararre a cikinsu yake raba dare yana kallo. Ya san direban Adaidaita Sahu yana son na faɗa, mai zafi tun daga farko. Ya san mai gadi yana son wanda zai kai shi asuba, irin su Ertugrul ko Jumong. Ya san telan da ke kallo da rabin ido ya fi jin daɗin Gidan Badamasi, inda ko ka ɗauke kai ba ka rasa zaren ba. Matar aure kuwa da wuya ya taɓa ganinta, yaro take aikowa da waya da saƙo, amma ya haddace abin da take so fiye da mai gidanta. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sai dai sanin fim bai wadatar ba, sai an iya tallata shi ba tare da an kashe shi ba. Wannan ita ce gwanintar da na fi girmamawa a sana'ar. Dole mai turi ya faɗi abin da zai kwaɗaita maka, ya kuma tsaya kafin ya ƙwace maka daɗin kallo. Gwani zai gaya maka wane ne jarumin, ya ce akwai cin amana a ciki, ya ce ka yi haƙuri da farkon don bayan rabi ne yake ɗaukar wuta. Daga nan ya ja bakinsa. Ba zai ce maka amintaccen jarumin shi ne bos ba, ba zai ce yarinyar ta mutu ba, ko da ka matsa masa. Wanda bai iya ba kuwa, ɗoki ne yake kwasarsa, ya zayyana maka labari daga farko har ƙarshe, sannan ya yi mamakin da ka ce a bar shi a sa wani.

Fim ɗin Indiya Baahubali ya gwada masu wannan sana'a. Kashi na ɗaya ya fito a 2015, ya ƙare da wani aiki da Kattappa, ɗaya daga cikin mutanen labarin, ya aikata wanda ya bar masu kallo da tambaya, ba a sami amsa ba sai da na biyu ya fito a 2017. Duk mai turin da ya kalli na biyun yana riƙe da amsar da za a iya faɗa cikin numfashi ɗaya, kuma da ya faɗa, jiran shekara biyu ya tashi a banza. Haka abin yake kowane mako da fina-finanmu masu dogon zango. Washegarin da aka saki sabon kashi na Labarina na Aminu Saira, ko Izzar So na Lawan Ahmad, shagon yakan cika da mutane iri biyu: waɗanda suka kalla jiya suna ƙaiƙayin magana, da waɗanda suka zo karɓa yanzu. Mai shagon kirki shi ne alƙali a tsakani, yakan ce wa mai surutu, "Malam, bari su kalla tukuna."

Da can ba haka al'adar take ba. A zamanin sinimomin Plaza da Eldorado da Marhaba, ana kallon fim ɗin Indiya ba fassara, kuma wanda ya riga ya kalla sau da yawa, ya gane inda labarin ya dosa, mutum ne mai daraja a majalisa. Shi ke warware wa sauran abin da ya shige musu duhu. A lokacin ne aka laƙaba wa jarumai sunaye, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Yanzu da kamfanoni irin su Algaita suke sa wa jaruman Indiya Hausa a baki, ba wanda yake bukatar a fassara masa. Abin da ya rage wa mai kallo shi ne ɗokin abin da zai faru, kuma ban yarda da masu cewa sanin ƙarshe ba ya rage komai ba. Marubuci ya kwashe watanni yana ɗaure ƙulli, bai kamata wani ya kwance shi a bakin titi ba.

Gardamar jarumai ma a shagon take ƙarewa. Ali Nuhu ko Adam A. Zango, wa zai maye gurbin marigayi Rabilu Musa Ibro, ko Sumayya ta Labarina ta ci gaba da armashi bayan ficewar Nafisa Abdullahi da take fitowa a matsayinta. Wannan musu ne mai daɗi, kuma yana kawo ciniki. Inda nake ƙin sa shi ne in ya bar wasan mutum ya koma kan aurensa da mutuncinsa. Mai shago yana da ikon tsayar da shi a nan, kuma na fi ganin ƙimar wanda yake tsayarwa.

Akwai abubuwa biyu da suke zubar wa sana'ar daraja. Na farko, ɓata-garin da ke zuba wa yara batsa a waya saboda 'yan kuɗi kaɗan. Uwar da ta aiko ɗanta amana ta bayar, kuma irin waɗannan su ne suke jawo wa sauran samamen Hisba da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001. Na biyu ya fi yaɗuwa, har an daina ganin laifinsa: haƙƙin masu fim. Furodusan da ya sa fim a YouTube da yawan masu kallo ake biyansa. In mai turi ya sauke ya raba wa unguwa guda, kallo ɗaya aka ƙirga wa furodusan, alhali ya biya jarumai da masu kyamara da kuɗin wurin ɗauka.

Ba na cikin masu cewa a rufe shagunan, domin dubban matasa da su suke ci, kuma ta hannunsu fim yake isa ƙauyen da intanet ba ta da ƙarfi. Kirana ga masu turi da furodusoshi shi ne su zauna, a yanka kaso bayyananne da za a riƙa biya kan kowane sabon fim, ƙungiyoyinsu su tsaya a kan a cika shi. Ku kuma masu saye, in kun sami mai shagon da yake zaɓa muku da gaskiya, yake kame bakinsa, yake kuma tsare wayar yaranku, ku riƙe shi.