Auna Gishirin da ke Cikin Abin Sha a Makaranta

Duk malamin kimiyya da ya yi nufin nuna wa ɗalibansa abin da ke ɓoye cikin abin sha, alhali makarantarsa ba ta mallaki na'urori masu tsada ba, akwai wani gwaji da batir ɗaya mai ƙarfin bolt 9, da wayar tagulla, da mitar auna lantarki irin ta masu gyaran rediyo za su wadatar da shi. Asalin hikimar ita ce gishiri, idan ya narke a ruwa, yakan rabu zuwa ƙwayoyin sodiyam da kuloraid masu ɗauke da caji, waɗanda wuta ke bi ta kansu ta ƙetare, sa'annan sukari, duk da zaƙinsa, ba ya rabuwa haka. Bature ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya gabatar da wannan bayani a 1884, malamansa ba su ga girmansa ba, amma daga baya aka ba shi lambar Nobel a 1903.

A nawa ra'ayin, ba a ranar gwaji fa'idar take ba, tana cikin shirin da aka yi kafinta, domin ɗalibin da bai tsayar da sharuɗɗansa ba zai sami adadi a mita, amma ba zai sami hujja ba. Wajibi ne a naɗe wayoyin tagulla biyu a jikin bututun biro ɗaya, a ɗaure su don kada tazararsu ta sake, a tsoma su zurfi ɗaya cikin kofuna masu mudu ɗaya, a kuma ɗauraye su da tataccen ruwa bayan kowane awo. Haka nan a bar zobo da lemon kwalba da ruwan kwakwa da ruwan leda su zauna a ɗaki ɗaya har ɗuminsu ya daidaita, saboda ruwa mai ɗumi ya fi mai sanyi barin wuta ta wuce, kuma wanda ya gwada kwalba daga firji da kofin da ya sha rana ya zalunci ɗayansu. A maimaita kowane awo sau uku. Wutar soket kuwa, haramun ne a kusantar da ita ga wannan aiki, ko da malami na tsaye.

Sai malami ya haɗa ruwan gishiri da sukari, wanda iyayenmu mata ke ba yaro mai gudawa, ya sa shi cikin jerin, domin a nan ne darasin ke taɓa rai. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta afka wa 'yan gudun hijira, likita Dilip Mahalanabis ya rasa isasshen ruwan ƙari, ya riƙa shayar da su wannan haɗi, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4.

Ya kamata kuma a sanar da ɗalibai iyakar mitar: tana nuna yawan ƙwayoyi masu caji da ke cikin kofi, ba ta bambance sodiyam da fotashiyam, tsamin lemon tsami ma yana motsa ta. Sukarin da ke cikin haɗin kuwa ba ta ganinsa ko kaɗan, alhali shi ne ke taimakon hanji ya tsotse gishirin, ruwa ya bi bayansa zuwa cikin jini.