Rana kyauta ce, batir ne da kuɗi

Abin da ya kai ni Kongolam ƙaramin abu ne. So nake in san inda mutanen ƙauyukan da ke kewaye da garin suke cajin wayoyinsu. Kongolam gari ne na bakin iyaka a ƙaramar hukumar Mai'adua, cikin masarautar Daura, in ka miƙe arewa daga nan ka faɗa Nijar, hanya ta bi da kai Matamaye har Damagaram. Da wuya ka sami magidanci a nan da ba shi da ɗan'uwa a tsallake ko ɗa a wurin ci-rani, don haka waya ba kayan ado ba ce. Amma da zarar ka sauka daga kwalta ka kama turbar rairayi, turakun wuta sun ƙare.

Amsar farko na same ta a wata rumfar langa-langa kusa da tasha. Katako ne aka kafe da ƙusa, aka jera masa ramukan caji layi-layi, wayoyi a kwance sun fi a ƙirga da ido. Kowace an manna mata lamba, mai ita kuma ya tafi da rabin kati mai lambar. A ƙarƙashin teburin batura biyu ne, an lulluɓe su da buhu. Saurayin da ke da rumfar ya ce da ƙaramin janareta ya fara. A Nuwamban 2019 aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, don a toshe fasa-ƙwauri, sai ya koma sayen galan a hannun 'yan bumburutu. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, lissafi ya ƙi ci gaba ɗaya. "Malam, sai in yi caji tun safe, da dare in ga mai fetur na yi wa aiki," in ji shi. Ya sayar da janaretan, ya haɗa da kuɗin ragonsa, ya sayo faranti biyu na sola a Sabon Garin Kano. Yanzu babban aikinsa da hunturu shi ne hawar da ƙaninsa kan rufi da jiƙaƙƙen tsumma kowace safiya, domin ƙura in ta rufe faranti, wutar da yake bayarwa sai ta ragu.

Shi wannan ya tsira, yana da ragon sayarwa. Waɗanda ke aiko masa da wayoyi daga nesa su ne labarin.

A 2021 Bankin Duniya ya ce 'yan Nijeriya kimanin miliyan 85 ba su da wutar lantarki, wato kashi 43 cikin 100 na jama'ar ƙasar. A duniya kuwa, tsakanin 2010 da 2020, farashin farantin sola ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100. Mai karanta waɗannan alƙaluma biyu a ofis zai ce magana ta ƙare, a kai musu faranti kawai. An ma fara. A Afrilun 2021, a Jangefe ta masarautar Kazaure, maƙwabciyar Daura, aka ƙaddamar da shirin gwamnatin tarayya na haɗa gidaje da shaguna miliyan 5 da sola. Sai dai kayan nan da dala ake shigo da su, naira kuwa daga tsakiyar 2023 zuwa farkon 2024 ta tashi daga ƙasa da 500 a dala ɗaya ta haura 1,500. Arahar da aka samu a Sin, inda ake ƙera su, kafin ta iso Mai'adua canji ya cinye ta.

Wani ɗan acaɓa ya kai ni wani ƙauye yamma da gari. Mai gari ya karɓe ni a zaure, aka kawo ruwa da fura, da ya ji abin da ke tafe da ni sai ya ce a kira uwar adashen matan garin, ita ce ta san kan zancen.

Dattijuwa ce mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta zauna a bakin tabarma, ta gyara mayafi, ta fara lissafa mini fitilun rayuwarta kamar mai lissafa mazan da ta aura: aci-balbal a ɗakin uwarta, fitilar ƙwai da ta zo da ita ranar tarewa, sannan tocila 'yar Sin da kananzir ya gagari talaka. Ta ce kowace Lahadi in za a ci kasuwar Mai'adua sai ta ba da sautun batir. Waya kuma sai an tura yaro da ita Kongolam, a biya kuɗin caji, wani lokaci a biya na mashin, wani lokaci yaron ya dawo da ita rabin ciki domin ya tsaya kallon fim a hanya.

"Ɗan nan, duhu ma ba kyauta muke zamansa ba. Saye muke yi, kullum."

Wata kaka, bayan ta sayar da wake, wani yaro ya zo gari a kan mashin da kwali a bayansa. A ciki akwai ɗan faranti, da akwatin batir mai madannai, da ƙwan fitila uku, da rediyo, da wurin cajin waya. Sharaɗin shi ne ka ba da kafin alƙalami, sauran kana biya duk mako. In ka biya, a turo maka lambobi ta waya, ka danna a jikin akwatin, wuta ta buɗe na wasu kwanaki. In ka gama biya, kaya ya zama naka. Ta karɓa.

Da ta zo ba da labarin watannin farko, muryarta sai ta canza. Ta rataya ƙwai ɗaya a ɗakinta, ɗaya a madafa, ɗaya a reshen dalbejiyar tsakar gida. Suyar da take jira gari ya waye ta fara, ta koma yin ta tun kafin kiran assalatu, ƙulinta ya riƙa riga na kowa isa tasha. Jikokinta suka daina fita neman kara don karatun dare. Matan maƙwabta suka mayar da tsakar gidanta dandali, mai ɗinkin hula ta zo da zarenta, mai ɓarar gyaɗa ta zo da ƙwaryarta. Ta ce a bazarar nan kunama nawa suka kashe a gindin bango, waɗanda da sai dai a ji ihun yaro.

Sai damina ta faɗi. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san Yuli da Agusta: rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, ɗan abin da ke hannu ya tafi taki da 'yan ƙwadago, gyaɗar da za a yi ƙuli ta yi tsada. Ta tsallake mako ɗaya, ta tsallake na biyu. Akwatin ya kulle.

"Ga rana tana dukan faranti. Ga batir na san cike yake. Ga ƙwai a rataye. Na danna, na danna, shiru."

Na ce, "Inna, ai kin saba da duhun, ba yau aka fara ba."

Ta dube ni ta girgiza kai. "A'a, ɗan nan, ba irinsa ba ne. Da can gari duka duhu ne, ba a san mai shi ba, ba a san marar shi ba. Yanzu kuwa in gidanka ya yi duhu, kowa ya san ba ka biya ba. Matan nan da ke zuwa hira, ba wadda ta tambaye ni. Rashin tambayar ya fi ci mini rai."

Ba ta zagi kowa ba. Yaron da ya kawo kayan ma tausayinsa take ji, ta ce shi ma aiko shi aka yi, kuma ya faɗa mata sharaɗin tun farko ba ɓoye-ɓoye. Akuya ta sayar, mai ciki, ta biya abin da ya taru. Abu guda ta ce ta kasa ganewa: tun da sun san manoma ne mu, me ya hana su bari sai kaka mu biya a dunƙule?

Tambayar nan ta fi rahotanni da yawa da na karanta nauyi. Wannan tsari na biya kaɗan-kaɗan a Kenya ya yi suna, inda kamfanin M-KOPA ya fara a 2011, ya ɗora shi a kan tura kuɗi ta waya da mutanen can suka riga suka saba. Tsari ne mai kyau ga wanda kuɗi ke shigo masa kullum, mai shayi, ɗan acaɓa, mai kanti. Manomin gero da wake kuwa sau ɗaya yake ganin kuɗi mai kauri a shekara. Na kai maganar ga wani dillalin kayan sola a kasuwar Mai'adua. Ya ce shi ma ya sha jin ta, amma masu kayan bashi suka ciwo, su ma duk wata ake bin su, kuma in ka bar kaya wata takwas ba biya, wa ya san abin da damina za ta yi? Shi ma da gaskiyarsa. Ni dai a ganina, in akwai wurin da kuɗin tallafi ya kamata ya zauna, to tsakanin shuka da girbin nan ne. A Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don kai wuta ta sola ga 'yan Nijeriya miliyan 17.5, ta hannun hukumar samar da lantarki a karkara. Kuɗi ne mai yawa, kuma da ɗan kaɗan daga ciki za a iya ɗaukar nauyin wata uku na yunwa.

Ita dai Inna ba ta jira kowa ba. Ta juya adashen matan, aka yi shawara duk wadda ta kwasa ta sayi nata kayan kuɗi hannu, ba kulle ba lamba. Gidaje da dama sun sami haske ta haka. Amma nan ma akwai rami. Wata ta sayo faranti a kasuwa, abin da aka rubuta a bayansa daban, abin da yake bayarwa daban. Wata kuma batirinta bai ga bazara ta biyu ba. Batir mai ruwa ba ya son zafi, a nan kuwa watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, ba ya kuma son a tatse shi ƙarƙaf kowane dare, abin da gida mai yara goma da waya biyar ba zai fasa yi ba. Na lithium ya fi ƙarko nesa ba kusa ba, kuɗinsa ne ba na uwar adashe ba. Mai gyara babu a garin, sai an ɗauki kaya zuwa Daura. Matattun baturan kuma 'yan gwangwan ke saye, kafin su zo yara na wasa da su a bayan ɗaki, alhali dalma ce a ciki, kuma mun san aikin dalma tun abin da ya sami yaran Zamfara a 2010. Mai gari ne ya taƙaice zancen daga inda yake zaune: "Rana kyauta ce, Malam. Batir ne da kuɗi."

Mazan da suka taru a zauren nasu burin ya wuce ƙwan fitila. Injin niƙa suke so, da famfon da zai jawo ruwa daga burtsatse a yi ɗan noman rani, da firjin da zai ba da ƙanƙara da azumi. Ɗan akwatin Inna ba zai ja ko ɗaya ba, wannan aikin babbar tasha ce ta gari guda, mai mita a kowane gida. Duk da haka suna da abin dariyarsu. Wani ya tuna mini Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace, Arewa ta kwana fiye da mako cikin duhu. Ya ce ƙaninsa ma'aikaci ya zo daga Daura da wayoyin gidansa a leda, yana sallama a ƙofar gidan da ya saba yi wa tsiyar ƙauyanci.

Kwasar adashe mai zuwa ta wata bazawara ce mai 'ya'ya mata. An sa ranar auren babbar 'yarta bayan sallar layya, ba gado ba katifa. Inna ta ce ta yi mata maganar sola har ta gaji, ta nuna mata abin da take kashewa a batir da caji, ita kuma ta amsa cewa lissafin daidai ne, amma ba za ta kai 'yarta ɗaki da ƙwan fitila ba. An bar shi a kan in yarinyar ta tare, zagaye na gaba a sake zama.