Babi na Tara: Ɗigon Kwantam da Zafin Bazara

Tarihin baka ya kira Rano da Kano sarakunan baba, saboda rini. Marini in yana son ja maimakon shuɗi, dole ya sauya abin rini. Ɗigon kwantam, wata mitsitsiyar ƙwaya mai fitar da haske mai launi, ba ya bin wannan doka. Sinadari guda ne, girman ƙwayarsa kaɗai ke sauya launi: ƙarama ta ba da shuɗi, wadda ta ɗan fi ta kore, babba ja. Babbar ma ba ta wuce nanomita 10 ba, nanomita kuwa kashi ɗaya ne idan an raba milimita gida miliyan. Alexei Ekimov ya gano haka cikin gilashi a 1981, Louis Brus ya biyo a 1983, Moungi Bawendi ya samo hanyar haɗa ƙwayoyin daidai wa daida a 1993. Su uku suka karɓi kyautar Nobel ta 2023.

To, a daina cewa talabijin mai tambarin QLED, irin wadda Samsung ya fara sayarwa da wannan suna a 2017, ɗigon ne ke kunna kansa. Ba haka ba ne! Mai gidan kallon ƙwallo zai ɗauko ta daga Sabon Gari har Kibiya yana wannan alfahari, alhali fitilun LED shuɗaye ne jere a bayan allo. Haskensu ke dukan wani siririn shafi mai ɗigon, shi kuma ya mayar da wani ɓangare ja da kore. Aron haske ne kawai.

QLED ta gaskiya ita ce fitilar da lantarki ke shiga cikin ɗigonta kai tsaye. An fara gwada ta a Berkeley ta Amurka a 1994, haskenta ɗan mitsitsi. A 2014 masana a Jami'ar Zhejiang ta Sin suka kai ingancin jan launi kashi 20 cikin 100, ta hanyar sa siririn shinge da ke rage gudun elektron.

Zafi ne babban maƙiyi, kuma nan hankalina ya fi karkata. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wasu 'yan gashin sinadari masu kare fatarta. Da ta ɗau zafi sai su fara saki, fatar ta yi rauni, ƙarfin da ya kamata ya fita a haske ya koma zafi, zafin ya ƙara ɓarna. Shi ya sa ake yi wa ƙwayar ɓawo mai kauri, a kuma ɗora fitilar kan abin da ke janye zafi da sauri. Ja da kore sun yi nisa. Shuɗi har yanzu yana saurin mutuwa.

Ba mu da dalilin ɗaukar wannan a matsayin matsalar wasu. A Afrilu zafin Rano kan kai digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin rufin kwano da mutum ɗari a ciki. Fitilar da ke mayar da lantarki zafi kuwa, batirin sola take cinyewa a banza.