Ciyayin Binuwai: Jarin Da Ba Ya Cikin Littafin 'Yan Kasuwa

YOLA — A Vinikilang, cikin Ƙaramar Hukumar Girei, hayin gadar Jimeta, ciyayin da ke gefen Kogin Binuwai suna daga cikin abubuwan da ke ɗauke da kasuwar kifi, ko da yake ba a cika lissafa su cikin jari ba.

A watannin Agusta da Satumba kogin yakan cika ya malale fadamu, ya rufe burgu da bado da sauran ciyayi. Kifaye sukan bi ruwan su shiga domin hayayyafa. Bargi yana gina sheƙarsa a tsakiyar ciyawa, yauni kuwa yakan harhaɗa ciyawa ya yi sheƙa mai yawo a saman ruwa. 'Ya'yan karfasa da tarwaɗa ma a nan suke ɓuya har su yi ƙwari.

Ciyayin kuma suna rage ƙarfin gudun ruwa, laka ta kwanta, ruwa ya washe, hasken rana ya ratsa, sababbin tsirrai su fito. Haka ciyawar teku ke yi a gaɓar Banc d'Arguin ta Muritaniya, inda take rainon kifin da masunta ke kamawa. Idan kogi ya janye da rani, burgun yakan zama abincin shanun makiyaya.

To sai dai wannan tsari yana fuskantar barazana. Tun daga 1982 da aka kammala madatsar ruwa ta Lagdo a Kamaru, cikar kogin ta dogara har da yadda ake sakin ruwa daga can, kuma ambaliyar 2012 da ta 2022 sun yi ɓarna mai yawa a Adamawa. Haƙar yashi tana dagula ruwa, tana zaizaye gaɓa. Takin zamani da ke kwarara daga gonakin rani kuwa yana haɓaka kainuwa da gansakuka, waɗanda idan suka ruɓe suke zuƙe iskar da kifi ke shaƙa.

Asarar ba ta tsaya kan masunci ba. Idan ƙananan kifaye suka rasa mafaka, kamu yakan ragu a shekaru masu zuwa, masu banda da dillalan Jimeta su rasa haja, farashi ya hau. Barin wani yanki na fadama ba tare da noma ko haƙar yashi ba, da daina kamu da ƙananan raga lokacin hayayyafa, su ne matakai mafi araha na kare wannan ciniki.