3.4 Gyara da Tsabtace Siffar Ƙoƙon Kai Kafin a Buga

A sashen da ya gabata an yi bayanin na'urar buga siffa, wato wadda ke narkar da zaren roba tana shimfiɗa shi hawa-hawa har abu ya tashi da tsawo da faɗi da kauri. A nan za a duba aikin da ake yi kafin a kunna ta, domin a wannan mataki ne siffa ta fi lalacewa. An ɗauki ƙoƙon kai a matsayin misali saboda buƙatarsa wajen koyar da ilimin sassan jiki. A Zuru, inda aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a 2020, ɗalibi zai iya samun kan sa ko na akuya a kwata ba tare da wahala ba. Na ɗan Adam kuwa, addini da al'ada ba su bar a yi wasa da shi ba, sai dai a nemi kwaikwayonsa.

Irin wannan siffa takan samo asali ne daga hoton asibiti na CT. Manhaja kamar 3D Slicer ita ke ware ƙashi daga tsoka, sannan a adana shi a fayil ɗin STL, tsarin da kamfanin 3D Systems na Amurka ya fito da shi a 1987. Abin lura shi ne, wannan fayil bai san ƙashi ba. Abin da ke cikinsa fata ce ta dubban alwatika da aka harhaɗa, kuma dole ta rufe ruf kamar tulun da ba ya yoyo kafin na'ura ta bambance ciki da waje. Idan alwatika ɗaya ta ɓace, ko ta juya baya, sai na'ura ta tsallake wurin ko ta cike inda ya kamata a bar fili. Haka kuma akan tarar da ɓarɓashin da ba na kai ba, kamar gefen gadon da aka kwantar da mutum, ko tartsatsin da cikon haƙori na ƙarfe ke haifarwa a hoto. Waɗannan share su ake yi da hannu a Blender ko MeshLab.

Babbar matsala ita ce ta ramuka, domin iri biyu ne. Akwai na kuskure, akwai na halitta. Ƙashin bangon gurbin ido da na cikin hanci siriri ne ƙwarai, shi ya sa yakan fito a yayyage, kuma bakin na'urorin gida mai milimita 0.4 ba ya iya buga abin da bai kai kaurinsa ba. A nan ƙara kauri ya wajaba. Amma kafar da ke ƙarƙashin gurbin ido, da ta gefen haɓa, da babbar kafar gindin kai inda laka ke wucewa, duk hanyoyi ne na halitta. Mai gaggawa yakan toshe ƙananan cikinsu wajen gyara, ko ya goge siffar har layukan da ƙasusuwa suka haɗu su ɓace. Kan zai fito sumul, gwanin sha'awa, amma ɗalibin da ya koya da shi ƙarya ya koya. Saboda haka ya kamata mai gyara ya ajiye littafin sassan jiki kusa da shi, ya tantance kowane rami kafin ya taɓa shi.

Bayan haka sai a raba kan gida biyu, a cire muƙamuƙi daban. Yin hakan yana rage tokaren da na'ura ke ginawa a ƙarƙashin wuraren da suka yi rumfa, kuma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, rabi kaɗai aka yi asara. Zaren PLA ana buga shi ne a zafin da ya kai kimanin digiri 200, amma yana fara laushi tun daga wajen 60, don haka ba a barin kan da aka gama a cikin mota a rufe lokacin bazara. Da damina kuwa zaren kan sha danshi, sai a adana shi cikin leda a ɗaure.