Gansakukar Dutsen Kamaru da ta Bangon Gidajenmu

A wannan fitowa za mu tattauna a kan wata 'yar halitta da kowa ya sani a Duwala amma ba kowa ke tsayawa ya dube ta ba, wato gansakuka. Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne wani ɗan dutse da muka gani a wani gida a unguwar Hausawa ta New Bell. Wani saurayi ne ya hau Dutsen Kamaru tare da abokansa, ya dawo wa ƙanensa da tsarabar baƙin dutse wanda gansakuka ta lulluɓe kamar kilishin karammiski. Yaron ya sa shi a faranti, yana yayyafa masa ruwa safe da yamma. Kafin wata ya cika koren ya koma baƙi, ya fara wari. Yaron ya tambayi mahaifinsa: "Baba, ruwan ne bai ishe ta ba?" Mahaifin ya kawo mana tambayar, mu kuma muka ga ta cancanci amsa a fili, domin da darasi a cikinta ga iyaye da yara baki ɗaya.

Mece ce gansakuka?

A Hausa, suna ɗaya muke kiran abubuwa biyu da shi. Akwai koren yauƙi mai santsi da ke fitowa a bakin rijiya, a kwata da wurin alwala. Akwai kuma tsiro na gaskiya, mai 'yan ganyaye ƙanana, wanda ke yin dunƙule mai taushi a jikin dutse, bango ko itace. A kan wannan na biyun muke magana.

Masana tsirrai sun ƙidaya irinta kusan 12,000 a duniya. Ba ta da saiwa, sai 'yan zaruruwa da take maƙale wa dutse da su. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Tana yaɗuwa ne ta wasu ƙwayoyi masu laushi kamar ƙura, waɗanda iska ke ɗauka daga 'yan kawunan da take fitarwa a kan siraran karare. Ruwa kuwa ta jikinta take shan sa, daga ruwan sama, raɓa da hazo. Saboda haka ba ta buƙatar ƙasa mai taki. Dutse tsurarsa ya ishe ta.

Babban abin mamakinta shi ne juriyar fari. Ire-irenta da yawa suna bushewa ƙayau, su yi watanni a haka, amma da zarar ruwa ya taɓa su, cikin 'yan mintoci sai ganyayen su buɗe, koren ya dawo. A 2014 masu bincike daga Ingila sun bayyana cewa wata gansakuka da aka haƙo daga daskararriyar ƙasa a tsibirin Signy, can ƙarshen kudancin duniya, ta sake tohowa bayan kimanin shekara 1,500 a cikin ƙanƙara. Alkur'ani mai girma, a Suratul Hajji da Suratu Fussilat, ya ja hankalinmu ga yadda busasshiyar ƙasa ke rayuwa bayan saukar ruwa. Wanda ya ɗiga ruwa a kan busasshiyar gansakuka a gaban 'ya'yansa ya nuna musu wannan ishara a tafin hannu.

Gidanta a kan dutse

Idan gari ya waye tangaran, mai tsayuwa a Bonanjo ta wajen kogin Wuri yakan hango Dutsen Kamaru ta yamma. Tsawonsa ya haura mita 4,000, kuma babu dutsen da ya kai shi a duk yammacin Afirka. Dutse ne mai aman wuta. Aman da ya yi a 1909 ne ya sa Jamusawa suka kwashe ofisoshin mulkinsu daga Buea zuwa Duwala. Ya sake yi a 1922, 1959 da 1982, kuma a 1999 narkakken dutse ya gangaro har ya datse hanyar da ta tashi daga Limbe zuwa Idenau, kusa da Bakingili. Ya ƙara yi a shekara ta 2000.

Bayan irin wannan ambaliyar wuta, abin da ke saura shi ne baƙin dutse mai kaushi, ba ƙasa ba ciyawa. Gansakuka na cikin halittun farko da ke sauka a kansa. Tana tare ƙura, tana riƙe danshi, tsofaffin ganyayenta suna ruɓewa, sannu a hankali 'yar ƙasa ta samu a ramukan dutsen. A cikin wannan ƙasa ce ciyawa ke samun wurin tsayawa, bayanta kuma itatuwa. Aiki ne na shekaru masu yawa, domin gansakukar dutse 'yan milimita kaɗan take ƙaruwa a shekara. Dunƙulen da hannu ya ɓamɓaro cikin daƙiƙa ɗaya yana iya girme wa yaron da aka kawo wa shi.

Ruwa ba ya yanke wa dutsen nan. A Debundscha, ƙauyen da ke gindinsa ta wajen teku, ruwan sama yakan kai milimita 10,000 a shekara, abin da ya sa ake lissafa shi cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwa a duniya. Mu ma a Duwala muna samun tsakanin milimita 3,500 da 4,000, alhali Kano ba ta cika kai 1,000 ba. Ashe ke nan ba ƙishirwa ce ta kashe tsarabar yaron nan ba.

Abin da ya kashe ta

Zafi ne. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6. A Duwala matsakaicin zafi yana wajen digiri 27, kuma ko da dare ba ya sauka sosai. A can ƙololuwa kuwa sanyi ne mai ratsa ƙashi, wani lokaci har raɓa ta daskare kafin asuba, ga iska mai kaɗawa ba tsayawa. Gansakukar wurin ta saba da ta jiƙe a cikin sanyi, sa'an nan iska ta busar da ita.

Idan tana bushe, tana iya jure zafi, domin kamar barci take yi. Idan ta jiƙe kuwa, jikinta ya farka ke nan, kuma a cikin ɗumi tana cinye abincin da ta tara fiye da yadda take iya haɗa sabo daga hasken rana. Sai ta rame, rumfuna da ƙwayoyin ruɓa su auka mata. Yaron da ke shayar da ita sau biyu a yini cikin zafin New Bell, da kyakkyawar niyya, gaggauta ajalinta yake yi. Sa ta a firji ma ba mafita ba ce, tunda babu haske a ciki. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Akwai kuma batun doka da amana. Tun 2009 aka mayar da babban sashen dutsen gandun daji na ƙasa, kuma ba a yarda a ciri tsirrai a irin wannan wuri ba tare da izini ba. Musulmi kuwa bai kamata ya jira mai gadi ba kafin ya kame hannunsa daga ɓarnar abin da ba zai amfane shi ba.

Wadda za mu iya reno a gida

Mai sha'awa ba ya buƙatar hawa dutse. Bayan watannin Yuli da Agusta, lokacin da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa, ku dubi gindin katanga ta ɓangaren inuwa, tsofaffin bulo, da jikin itatuwan mangwaro. Gansakukar da ke nan 'yar gari ce, ta saba da zafinmu. A ƙasar Japan, a birnin Kyoto, akwai wani tsohon lambu mai suna Saiho-ji da ya yi suna saboda ire-iren gansakuka kusan 120 da ke shimfiɗe a cikinsa, kuma asirinsa shi ne an bar wadda wurin ya karɓa ta yaɗu da kanta.

A sami kasko na yumɓu mai huji a gindi. A zuba masa baƙin tsakuwar nan mai ramuka da magina ke amfani da ita, wadda ake kawowa daga wajen Njombe da Penja, ko kuwa gutsuren tsohon bulo. A sa wuƙa a ɗago gansakuka kamar faɗin kwabo biyu ko uku daga bangon gidanku, a bar sauran domin ta cike gurbin. A ɗora ta a kan tsakuwar, a danna da yatsa har ta manne, domin idan akwai iska a ƙarƙashinta ba za ta kama ba.

A ajiye kaskon inda akwai haske amma rana ba ta dukansa kai tsaye, kuma inda iska ke wucewa. A riƙa fesa mata ruwan sama da sassafe. Ruwan famfo mai magani da ruwan sabulu suna cutar da ita, taki kuma yana ƙona ta, ya kira ciyawa. Wasu suna cewa a markaɗa ta da nono a shafa a bango. A yanayinmu wannan ba ya haifar da komai sai rumfuna da ƙudaje. A riƙa tsince ganyen da ya faɗo mata, a kuma tsare ta daga kaji. Kada a bar ruwa ya kwanta a ƙarƙashin kaskon, domin kwantaccen ruwa gidan sauro ne, kuma babu kyan tsiron da ya kai lafiyar yaro.

Tana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, kafin ta riƙe dutsen da kyau. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan ruwa ya ja baya, za ta dushe ta koma ruwan ƙasa. Kada a zubar da ita, hutu take yi. Sannu ba ta hana zuwa, kuma yaron da ya yi haƙurin wata uku a kan kasko ɗaya ya koyi abin da ba a sayarwa a kasuwa.

Wadda ba ta da wurin zama

Sai mu koma kan ɗaya gansakukar, mai yauƙi. Ita ce ke lulluɓe daɓen wurin alwala, bakin rijiya da matakalar masallaci a damina, kuma ta sha kayar da dattijai masu sammakon sallar Asuba. Karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramin abu ba ce. Maganinta buroshi mai ƙarfi, buɗe hanyar ruwa domin wurin ya riƙa bushewa, da ɗan ruwan javel da aka sirka. Kada a haɗa javel da wani maganin wanki, domin haɗin yana fitar da iska mai guba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce. Muna kira ga matasan kowace unguwa su ɗauki wannan aiki duk mako har damina ta wuce.

Shi kuwa yaron New Bell, yayansa ya yi alkawarin nan gaba hoto kawai zai kawo masa daga dutse. Yanzu yana da kasko a gindin randa, da gansakukar da ya ɗebo daga bayan ɗakin kakarsa, kuma ta kama.

Allah ya sa mu zamo masu lura da ayoyinsa, manya da ƙanana, ya kuma ba mu ikon riƙe amanar abin da ya shimfiɗa mana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.